Ukun da Na Rubuta wa Inna

Shekaru sun ɗan ja tun da abin ya faru, ni kuma ba mutum ba ne mai yarda da ƙwaƙwalwarsa sosai. Akwai wuraren da na tabbata, domin takardar tana hannuna har yau, da rubutuna na fensir a kanta. Akwai kuma wuraren da nake zargin na cike gurbi da abin da aka ba ni labari daga baya, har ya zame mini kamar da idona na gani. Inda na san ina shakka zan faɗa. Inda shakkar ta ɓuya mini, sai a yi mini uzuri.

Maganar haƙori ɗaya ce, na mahaifiyata.

Inna mai ƙuli ce. Tun kafin a haife ni take matsar gyaɗa, ta sayar da man, ta soya tunkuza ta zama ƙuliƙuli, masu sari su zo har gida su ɗauka. Ba ta yarda da ido wajen gane ko ya soyu. Sai ta tsamo guda, ta ajiye a bakin faifai ya sha iska, ta kai shi can ƙuryar baki ta hagu ta gartsa. Ƙarar da ya yi ita ke gaya mata a kwashe ko a ƙara masa wuta. A wannan gefen matauni ɗaya ne ya rage mata a ƙasa wanda ke da abokin haɗuwa a sama. Na dama sun daɗe da tafiya. Da wannan ɗayan take cin abinci, da shi take sana'a.

Ƙauyenmu yana bayan Tsanyawa, inda gonar wani ke ƙarewa ta wani ta fara, ba ka tafiyar kirki ba ka ci karo da dangar gida ba. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu a jami'a. Ni ne ɗan fari, don haka ba a gaban Inna na tashi ba. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, wadda gona ɗaya ce ta raba gidanta da namu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci ina wurin. In tana da saƙo gare ni, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina tsugune a gabanta: “A ce masa tuwonsa na nan a rufe.” Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba. Haka ake yi, kuma na san wanda ake rufe wa tuwo da naman da ya fi tsoka.

Haƙorin ya tayar ne a ƙarshen damina, gero ya fara nuna. An yi kanumfari, an yi ruwan gishiri, an yi ƙwayoyin kemis. A bakin Gwaggo na ji, kamar yadda nake jin komai na Inna. Ta ce ranar kasuwa za ta raka ta wurin mai cire haƙori a huta.

Na ce a'a. Lokacin na gama digiri da bautar ƙasa, ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Bici, kullum in bi bas in je in dawo. Kuma ina da hujja a cikin bakina: ina ɗalibi wani mataunina ya yi kogo, aka yi mini aikin jijiya a wani ƙaramin asibitin haƙori wajen Rijiyar Zaki a Kano, ya zauna lafiya ƙalau.

“Me za a yi masa?” in ji Gwaggo.

“Jijiyar za a kashe, Gwaggo, a wanke ramin, a cike. Haƙorin ya ci gaba da zamansa.”

“A kashe shi, kuma a bar gawar a baki? Ka ji ɗan boko. Mu nan in abu ya mutu fitar da shi ake yi.”

“Ai ni ma an yi mini.”

“Kai me kake ci da naka, ban da biredi? Ni nan shida aka cire mini. Ka ga na fasa cin nama?”

“Tsotsa kike yi, Gwaggo.”

“Tsotsar ma ai ci ne, marar kunya.”

Inna tana daga cikin ɗaki tana jin mu. Da Gwaggo ta leƙa ta tambaye ta abin da ta gani, amsar ta fito ta bayan labule, kalma uku: “Tunda ya ce.” A lokacin na ɗauka amincewa ce. Yanzu ina ganin wataƙila ba ta da wata hanyar yin musu da ni ne, tunda musu ma ai magana ce.

Da autarmu ce ya kamata ta raka ta, domin ita ce mai shiga ɗakin Inna ta kwanta a gadonta, su yi ta hira har da shewa. To amma ta haihu bai fi mako biyu ba, tana wankan jego a garin mijinta. Gwaggo kuwa ta ce ba da ita za a je binne haƙori a baki ba. Sai ya zama ni da Inna, mu biyu, karo na farko a rayuwata. A bas ta zauna can baya cikin mata, na zauna gaba kusa da direba. Mota ba ta karɓe ta ba. Kafin mu wuce Bici na ji ana ta yi mata sannu, wata tana cewa a miƙo leda, wata ta ba ta lemon tsami ta shinshina. Ban waiwaya ba, don na san waiwayen zai fi aman yi mata nauyi.

Likitar da muka tarar a asibitin ba wanda ya yi mini nawa ba ne. Mace ce matashiya, Bahaushiya ’yar birni, mai magana a hankali. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ce za a iya cetonsa. Sannan ta juya kujerarta wajen Inna ta fara bayani, cewa bayan an wanke ramin saiwar akwai hanya biyu ta cike shi. Inna ta dubi ƙasa ta ce, “Ku tambaye shi.” Sai likita ta juyo wurina.

Zan faɗi yadda na fahimta, masana su gyara. Hanya ta farko ita ce irin wadda aka yi mini: wasu siraran tsinkaye ne na danƙo, masu ɗan ja-ja, ake cusawa cikin ramin ɗaya bayan ɗaya a sanyinsu, ana matsa su gefe ana ƙara wani, kamar mai ƙara tsinke a ɗaurin tsintsiya har ya ƙi karɓa. Ta biyu kuwa danƙon ake ɗumamawa da wani ɗan inji ya yi laushi, a tura shi ya bi duk lungun ramin, kusan yadda mai liƙin bokiti ke yi. Ta ce a haƙori irin na Inna, in ta bi ta farko ta fi son ta raba aikin zuwa biyu, mu dawo bayan mako guda. In ta biyu ce za ta iya gamawa a ranar.

Na tambaye ta wanne ya fi ciwo bayan an gama. Ta ce kowanne akwai wanda kan ji zogi kwana biyu ko uku. Wasu likitocin na ganin mai ɗumin ya fi tayar da zogi a kwanakin farko, saboda danƙon kan ɗan leƙa ta ƙarshen saiwa, wasu kuma ba su ga bambanci ba. Ita dai ba za ta yi mini alkawari ba. Na sake tambaya ta wata fuska, ta sake ba ni amsar nan. Ina jin sau uku na tambaya.

Na zaɓi mai ɗumin. In an tambaye ni dalili nakan ce don kada Inna ta sake shan wahalar mota, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin da ban cika faɗa ba. Hedimastanmu mutum ne da in ka nemi izinin kwana ɗaya sai ya dube ka kamar ka roƙe shi gonarsa, ni kuma ban so in tsaya gabansa sau biyu cikin mako ɗaya ba. Ban san wanne ya fi nauyi a zuciyata a wannan lokacin ba. Na sha auna su.

A waje na jira, don Inna ba za ta buɗe baki ina tsaye ba. Ya kai awa biyu, ko kusa. Da suka fito, gefen fuskarta a sake saboda allura, likita ta ba ni magunguna da wata takarda. A samanta an ja layi daga sifiri zuwa goma, da ’yan fuskoki a jere, ta farko tana murmushi, ta ƙarshe tana hawaye. A ƙasa akwai gidaje na kwana bakwai, safe da yamma.

“Malam, tunda kuna da nisa, wannan ita ce idona,” in ji ta. “Ka riƙa tambayarta safe da yamma, ka rubuta lambar da ta ce. In ya wuce shida bayan kwana uku, ko ka ga kumburi, ko ta kasa haɗa haƙoranta, ka kira ni, kada ka jira. Ni ma zan kira ka rana ta uku.”

Na ninke takardar na sa a aljihun gaba. Har na ji wani ɗan daɗi, in faɗi gaskiya. Aiki ne irin wanda na iya.

Washegari kafin in fita tasha na je ƙofar ɗakinta, na yi sallama, na tsuguna.

“Inna, ina kwana. Yaya jiki?”

“Da sauƙi.”

“Haƙorin fa?”

“Alhamdulillahi.”

Na zaro takardar, na ɗan tura ta ta ƙasan labule, na fara bayanin fuskokin, cewa ta nuna wadda ta yi kama da abin da take ji. Can sai ta ce, ba da ni ba, kamar da kajin tsakar gida take, “Rana na yi, mota za ta wuce mutum.” Na janye takardata.

A cikin bas na zauna da fensir ina tunani. Sifiri ba zai yiwu ba, an yi aiki jiya. Biyar kuwa rabi ne, wanda ya ce da sauƙi bai kai rabi ba. Na daɗe tsakanin uku da huɗu, har na yi tunanin rubuta uku da rabi, sai na ga babu gurbinsa a layin. Na tuna nawa, wanda aka cike da sanyi: kwana biyu na yi ina jin kamar an danna mini yatsa a dasashi, na uku na manta da shi. Da wannan na auna nata. Na rubuta huɗu na yammacin jiya, uku na safiyar nan. Da yamma na dawo na sake tsugunawa, aka sake ce mini da sauƙi, na sake rubuta uku.

Abin da ya fi gajiyar da ni in na tuna shi ne ba jahilcin al'ada ne ya kai ni ba. A cikinta na girma. Na san babu wanda za ka gaishe shi da jiki a ƙasar nan ya ce maka babu sauƙi, ko da ana jiƙa masa leɓe da ruwa. Na kuma san in duk duniya Inna za ta yi wa wani ƙorafin ciwo, ni ne na ƙarshe. Amma likita ta ce in tambaye ta in rubuta abin da ta ce, a jami'a kuma an horar da mu cewa abin da mai amsa ya faɗa ake rubutawa, ba abin da mai tambaya ke zato ba. Sai na riƙe umarnin da hannu biyu, na ajiye abin da na sani a gefe.

A gefe kuwa na ajiye shi, a zahiri. Ga shi nan a bakin takardar da ƙananan haruffa. Rana ta biyu: ba ta soya ƙuli ba, an ce gyaɗa ba ta bushe ba. Rana ta biyu da yamma: koko kawai. Rana ta uku: ta ɗaure ɗankwali ta ƙasan haɓa. Duk na gani, duk na rubuta. A cikin gidajen lambobi kuma uku, uku, uku.

Rana ta uku likita ta kira ina ofishin malamai. Na fita baranda na karanta mata lambobin.

“Kumburi fa?”

“Ban gani ba.” Gaskiya ne, daga inda nake tsugunawa ban gani ba.

“Tana iya tauna da shi?”

“Ta ce da sauƙi.”

“To madalla, haka ake so. A ci gaba da magani.”

Na buɗe baki zan karanta mata na gefen, sai na ji kamar zan cika ta da surutun koko da ɗankwali, ga shi ina jin muryoyin marasa lafiya a bayanta. Na yi godiya na kashe waya.

Rana ta huɗu babu makaranta, ina gona muna yankan gero. Wajen hantsi na hango Gwaggo ta biyo kan iyaka tana ture ganyen dawa da sandarta. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

“Malamin lissafi, nawa ka ba uwarka yau?”

“Uku, Gwaggo.”

“Uku daga nawa?”

“Daga goma.”

“To ta faɗi jarrabawa ke nan ko ta ci?”

“Ba jarrabawa ba ce. Uku na nufin ciwon kaɗan ne.”

Ta dogara da sandar ta dube ni. “Kwana uku matar nan ba ta haɗa haƙoranta ba. Ta ce in na sama ya taɓa na ƙasa, kamar an kafa mata ƙusa har cikin kunne. Bakinta a sake take wuni, kamar mai jiran a ɗura mata magani. Kai kana nan kana uku.”

“Ni ta ce mini da sauƙi.”

“Kai me za ta ce maka? Ranar da ta haife ka ina wurin. Kwana biyu tana naƙuda, aka tambaye ta, da sauƙi ta ce.”

Ta juya ta tafi tana mita. Na zauna a kan damin gero na fito da waya, har na nemo lambar likita. Ga abin da ta ce in kira a kansa, an kawo mini har gona. Amma sai na fara irin tunanina. Gwaggo tun farko ba ta son aikin nan, shaidarta tana da ɓangare. Ba daga bakin mai ciwon na ji ba. Yau ranar hutu ce, wataƙila likita tana cikin iyalinta. Jiya-jiya na ce mata uku, yau in ce mata me, tara? Za ta ɗauke ni wane irin mutum? Bari in sake tambayar Inna da yamma da kyau, in ta nuna alama ko kaɗan sai in kira.

Da yamma na tsuguna, na tambaya da kyau. Har na ce, “Inna, Gwaggo ta ce ba kya iya haɗa baki.” Sai ta ce, “Yaya da faɗa.” Haka take kiran Gwaggo. Maganar ta fito a dunƙule, kamar ta wanda ke riƙe da ruwa a baki. Na rubuta huɗu, na sa alamar tambaya. A gefe na rubuta: a cewar Gwaggo. Rana ta biyar ma huɗu da alamar tambaya, safe da yamma. Na yanke cewa gobe, ranar aiki, zan kira daga makaranta lokacin tara.

Ban kira lokacin tara ba. An ba ni tsaron wani aji da malaminsu bai zo ba, na ce sai an tashi. Da aka tashi na ce bari in isa gida in gan ta tukuna, don in ba likita labari na yanzu-yanzu. Na manta, ko na sa kaina mantawa, cewa ranar ce kasuwar da ke kusa da mu take ci.

Bayan la'asar na shiga gida. Gwaggo na zaune a tabarma ƙofar ɗakin Inna, ta miƙe ƙafa, mayafinta na fita unguwa a kafaɗa. Ta ɗaga mini hannu alamar in rage murya. Sannan ta kwance bakin mayafin, ta fito da wani abu a naɗe cikin ɓawon masara, ta ajiye a tafin hannuna.

“Ga mutuminka. Tambaye shi da kanka nawa ne.”

Ya fi yadda nake zato girma. Saiwa biyu, da jini a busasshe, da farin ciko a samansa. Na tsaya riƙe da shi. Ta bayan labule ina jin numfashin Inna, mai tsawo, mai nauyi. Barci take. Tunda nake ban taɓa sanin Inna ta yi barcin rana ba, ko da azumi. Wannan numfashin ne ya gaya mini lambar da na yi kwana shida ina nema.

“Ita ta ce a je,” in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa, babu tsokana a ciki wannan karon. “Da sassafe ta aiko. Ta ce kada a gaya maka sai an gama, kada ranka ya ɓaci, ka sha wahala a kansa.”

Kwana biyu bayan haka na tsaya gaban hedimasta, abin da na yi ta gudu, na nemi izini na tafi Rijiyar Zaki da haƙorin a cikin kwalbar magani. Ina tsoron ko an bar guntun saiwa a ciki, ina kuma son a gaya mini laifin wane ne. Likita ta juya shi a ƙarƙashin fitila da ɗan hantsaki, ta daɗe. Ta ce saiwar ta fita duka, Allah ya taimaka, ta rubuta maganin da za a ba Inna saboda ramin. Ta nuna mini wani ɗan wuri a saman cikon da ya yi sheƙi, ta ce mai yiwuwa ya ɗan yi tudu, shi na sama ke fara dukansa duk lokacin da aka rufe baki. Da allura a jiki mutum ba ya iya faɗin haka a ranar. In shi ne, aikin minti biyar ne, a goge tudun a huta. Ta kuma nuna mini ɗan jan danƙo kamar kan allura a ƙarshen saiwa ɗaya. Ta ce wannan ma zai iya sa zogi, kuma yakan lafa da kansa.

“To da mun bi ɗaya hanyar fa, ta sanyi?”

“Ban sani ba, Malam. Wallahi ban sani ba. Da dai kun dawo bayan mako, da na gan ta da idona.”

Na miƙa mata takardar. Ta karanta lambobin, sannan ta karkata ta ta karanta na gefe, har zuwa inda na rubuta “a cewar Gwaggo”. Ta ɗago.

“Kai ɗanta ne, ko?”

“E.”

“Na nawa?”

“Na fari.”

Ta ajiye takardar a kan tebur, ta rufe ido da tafin hannu na ɗan lokaci. “Ku tambaye shi,” ta maimaita a hankali. “A gabana ta faɗa, ko kallonka ba ta yi. Kakata haka take da babana har ta rasu. Ni ya kamata in tambaya kafin in ba ka.” Na ce a'a, laifina ne. Ta ce a'a. Muka yi ta miƙa wa juna kamar masu rabon abin da ba wanda ke so ya bar wa ɗan'uwansa, har mai jiran layi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ramin ya warke lafiya. Inna ta koma suya bayan an gama kaka. Abincinta ya koma mai laushi, tuwo sai ya sha miya sosai, nama sai an daka. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba, domin ban san ta ƙofar da zan shigar da shi ba. Na ce wa Gwaggo ta ba ta a madadina. Gwaggo ta ce ta bayar, an ce babu komai, Allah ya yi masa albarka. Ko haka aka ce, ko Gwaggo ce ta ga na rame, ban sani ba.

Abin da ya canza shi ne ƙuli. Ranar da ta fara suya ina gida, sai ga Gwaggo da guda ɗaya a faifai, da sauran ɗuminsa.

“An ce ka gartsa.”

Na kai shi kan mataunina, wanda aka cike da sanyi ina ɗalibi, na gartsa. Ban san ƙarar da ake nema ba. Na ce, “Ina ganin kamar ya yi, amma wataƙila...”

“Ya yi ko bai yi ba? Mai na ƙonewa.”

“A ƙara masa kaɗan.”

Gwaggo ta ɗaga murya ta faɗa, alhali tsakanina da murhun bai fi taku goma ba. Inna ba ta juyo ba. Ta tura itace. Tun daga ranar, in dai ina gida ranar suya, ni ake kawo wa na farko. Wannan ce tambaya ɗaya a duniya da na koyi amsawa ba tare da wataƙila ba.

Da autarmu ta yi arba'in ta zo gida, na ba ta takardar na ce ta nuna wa Inna fuskokin in sun keɓe. Ta dawo ta ce Inna ta duba ta ce duk babu tata a ciki, don ita ba ta yi hawaye ba. Amma wani lokacin autar takan ce Inna ta ɗora yatsa a kan ta kusa da ƙarshe. Gwaggo kuma ta rantse cewa tun rana ta biyu ta gaya mini, ba ta huɗu ba, kuma a ƙofar gida, ba a gona ba. In ita ce da gaskiya, to na karanta wa likita uku a waya ina sane, kuma wannan labarin da na bayar ya fi yi mini sassauci fiye da yadda na cancanta. Na duba takardar sau da yawa. Inda na rubuta “a cewar Gwaggo” yana daidai layin rana ta huɗu, amma rubutun gefe ne, ba lallai a ranar na yi shi ba.

Don haka nake roƙon waɗanda suka shaida: Gwaggo, autarmu, likitar in wannan ya kai gare ta, da waɗanda muke yankan gero tare a ranar, in akwai mai tunawa. Duk wanda ya ga na kauce, a rana ko a wuri ko a magana, ko a bayanin hanyoyin cikon nan biyu, ya aiko mini da gyara, a rubuce ko da baki, zan sa shi yadda ya faɗa. Lambobin da fensir na yi su, za su gogu. Abu ɗaya kawai nake roƙo: kada wanda ya je ya karanta wa Inna wannan don ya ji ta bakinta. Na san abin da za ta ce.